Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya: Tarihin Fansho da Tanadin Tsufa a Jamus

A ranar 24 ga watan Mayu na shekarar 1889, Majalisar Dokokin Daular Jamus da ke zama a birnin Barlin ta amince da wata doka da ƙyar da jiɓin goshi, ƙuri'u 185 suka rinjayi 165. Dokar ta wajabta wa ma'aikaci da mai ba shi aiki su riƙa zuba wani abu kowane mako cikin asusun da hukuma ke lura da shi, domin a riƙa biyan ma'aikacin in ya naƙasa ko ya tsufa. Wannan shi ne karo na farko da wata ƙasa ta shimfiɗa wa talakawanta masu aikin albashi tsarin fansho na tilas, kuma daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, kowace da irin nata gyare-gyare.

Daga wancan lokaci zuwa yau Jamusawa sun sha kaye a manyan yaƙe-yaƙe biyu, an raba ƙasarsu an kuma sake haɗa ta, an canja musu kuɗi sau da dama. Sau biyu cikin shekara 25 ajiyar da mutane suka daɗe suna tarawa ta koma takarda kawai. Saboda haka da wuya a sami ƙasar da tarihinta ya fi na Jamus haskaka tambayar da ke damun duk mai cin abinci da ƙarfinsa, watau a ina ya kamata mutum ya ajiye guzurin tsufansa, wa kuma zai amince wa da shi?

Kafin zuwan doka

A zamanin da, tsohon Bajamushe gona da 'ya'ya ne madogararsa, kamar yadda al'amarin yake a yawancin ƙasashen manoma. Sai dai manoman Jamus ba su bar zancen a hannun kunya da zumunci kaɗai ba. In uba zai miƙa wa ɗansa gona, akan rubuta yarjejeniya a gaban hukuma, a fayyace ɗakin da tsofaffin za su zauna, da yawan hatsi da madara da itacen wuta da za a riƙa ba su har mutuwarsu. Kasancewar ana rubuta irin wannan takarda tsakanin ɗa da mahaifi ya isa nuna cewa ba kowane gida ne tsoho ke samun hutu a cikinsa ba.

Masu haƙar ma'adinai su ne suka fara tsara taimakon juna, domin aikinsu ya fi kowane aiki saurin karya mutum. Akwai takarda ta shekarar 1260 daga garin Goslar mai ambaton wata ƙungiyar mahaƙa da ke tallafa wa marasa lafiyarta da iyalan mamatanta. A shekarar 1854 mulkin Furushiya ya mai da shiga irin waɗannan asusai tilas ga mahaƙa. Ta fuskar ajiya kuwa, a 1778 aka buɗe wani gidan tanadi a birnin Hamburg domin barori da 'yan ƙwadago da matuƙan jiragen ruwa su riƙa ajiye 'yan kuɗaɗensu. Shi ne ake lasaftawa kakan bankunan tanadi da suka cika garuruwan Jamus daga baya.

Bunƙasar masana'antu ta tumɓuke wannan tsohon zama. Miliyoyin mutane suka bar ƙauyuka suka nufi Barlin da lardin Ruhr mai kwal da ƙarfe, inda mutum ba shi da gona, ba shi da gida sai na haya, ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. Ranar da ƙarfin ya ƙare, albashi ya tsaya. Abin da ya rage shi ne sadakar hukumar gari, wadda ke tafe da wulaƙanci, har ma doka ta hana mai karɓarta jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa.

Dabarar Bismarck

Mutumin da ya tura dokar 1889, Shugaban Gwamnati Otto von Bismarck, ba tausayi ne kaɗai ya motsa shi ba, shi kansa kuma bai ɓoye haka ba. Bayan haɗewar Jamus a 1871, jam'iyyar ma'aikata masu ra'ayin gurguzu ta riƙa ƙara ƙarfi. A 1878, bayan an yi yunƙurin kashe Sarki Wilhelm na Ɗaya har sau biyu, Bismarck ya sa aka haramta tarurrukan jam'iyyar da jaridunta. Amma ya san bulala kaɗai ba za ta raba ma'aikata da ita ba. A ganinsa, mutumin da ke sa ran hukuma za ta biya shi wani abu a tsufansa ba zai so ya ga hukumar ta rushe ba. A ranar 17 ga Nuwamba 1881 ya karanta wa majalisa saƙon Sarki mai alkawarin kula da ma'aikata, sa'an nan dokoki suka biyo baya: inshorar rashin lafiya a 1883, ta haɗarin aiki a 1884, ta naƙasa da tsufa a 1889.

Da farko ya so baitulmali ya ɗauki nauyin, ta hanyar mallake cinikin taba, amma majalisa ta ƙi. Don haka aka koma ga zubi. An kasa ma'aikata aji huɗu bisa ga albashinsu, ana biyan fenik 14 ko 20 ko 24 ko 30 a mako, fenik 100 kuwa shi ne mak ɗaya. Ma'aikaci rabi, mai aiki rabi, gwamnati kuma ta ƙara mak 50 a shekara a kan kowane fansho da ake biya. Shaidar biya ita ce wani ɗan kan sarki da ake saye a gidan waya a liƙa a katin ma'aikaci, har mutane suka yi wa dokar laƙabi da dokar liƙe-liƙe. Katin nan shi ne dukiyar talaka, wanda ya yi sakaci da shi ya sha wahalar tabbatar da shekarunsa.

Dokar ta soma aiki ran 1 ga Janairu 1891. Sai mutum ya kai shekara 70 zai karɓi fanshon tsufa, alhali Bismarck kansa yana da 74 sa'ad da aka zartar da ita. A lissafin wancan zamani, jariri namiji shekara 37 ake sa ran zai yi a duniya, mace 40. Yawan mutuwar yara ne ya ja lissafin ƙasa haka, amma duk da haka leburan da ke kaiwa 70 kaɗan ne, shi ya sa ba a daɗe ba masu karɓar kuɗin naƙasa suka fi masu karɓar na tsufa yawa nesa ba kusa ba. Kuɗin kansa bai kai mak 200 a shekara ba, a lokacin da matsakaicin albashi yake mak 700. Ɗan ƙari ne a kan abin da 'ya'ya da ajiya da ƙananan ayyuka za su kawo. A siyasance kuwa dabarar ba ta ci ba, gama a zaɓen 1890 jam'iyyar ma'aikatan ta fi kowace samun ƙuri'u, a shekarar kuma aka sauke Bismarck. Tsarin ya ci gaba: an ƙara kason gwauraye mata da marayu da dokar 1911, an rage shekarun zuwa 65 a 1916.

Shekarar da kuɗi ya narke

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu matsakaicin hali, irin su likitoci da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su cikin wannan tsari. Su suna tanadin tsufansu da kansu ne, a littafin banki, da inshorar rai, da takardun bashin gwamnati masu kawo kuɗin ruwa kowace shekara. An ɗauke su a matsayin abin koyi wajen tsimi da hangen nesa. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, gwamnati ta nemi rance daga jama'a har sau tara, ta tara wajen mak biliyan 98. Mutane suka zuba ajiyarsu don kishin ƙasa, asusan fansho ma suka zuba nasu, kowa yana zaton abokan gaba ne za su biya bayan an ci nasara.

Ba a ci nasarar ba. Gwamnati ta fito daga yaƙi da bashi a gida da diyya a waje, ta dogara ga injin buga kuɗi. A watan Janairun 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye Ruhr saboda jinkirin biyan diyya, ma'aikatan lardin suka ƙi aiki, gwamnati kuma ta riƙa buga takardun kuɗi tana biyan su. Dalar Amurka da ake saye mak 4 da fenik 20 a 1914 ta kai mak tiriliyan 4.2 a watan Nuwamban 1923, tiriliyan ɗaya kuwa shi ne miliyan sau miliyan. Ana biyan ma'aikata kullum, matansu na jira a ƙofar masana'anta su karɓa su ruga kasuwa kafin farashi ya sake tashi. Da aka fito da sabon kuɗi ran 15 ga Nuwamba, tsohon mak tiriliyan ɗaya ne ya zama sabon mak ɗaya.

Wanda ake bi bashi ya ci riba, mai bin bashi ya tashi a tutar babu. Manomi ya biya jinginar gonarsa da kuɗin 'yan ƙwai. Bashin yaƙin da ake bin gwamnati, mak biliyan 154, ya koma daidai da fenik 15 da 'yan kai a sabon kuɗi. Tsofaffin da suka yi shekara 40 suna tsimi suka wayi gari a layin sadaka, suna sayar da agogo da kayan ɗaki. Dokar 1925 ta maido wa masu bin bashin jingina kashi 25 cikin 100 na darajar kuɗinsu, masu ajiya a bankunan tanadi kimanin kashi 12 da rabi, masu takardun bashin yaƙi kuwa abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗacin wannan hasara yana daga cikin abubuwan da suka raba masu matsakaicin hali da jamhuriyar da aka kafa bayan yaƙi.

Asusun fansho shi ma ya rasa mafi yawan dukiyar da ya tara. Abin da ya cece shi ɗaya ne: ma'aikata ba su daina aiki ba, don haka zubi bai daina shigowa ba. Da kuɗi ya daidaita, aka ci gaba da biyan tsofaffi daga abin da matasa ke zubawa.

Karo na biyu

Bankunan tanadi sun yi ƙoƙarin maido da amincin jama'a. A wani taro da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1924 aka ware ranar 31 ga Oktoba ta zama ranar tanadi ta duniya, Jamusawa kuma suka koma ajiya. Sai mulkin Hitler ya zo a 1933, ya karkatar da ajiyar bankuna da rarar asusun fansho zuwa ƙera makamai, a asirce, tare da ƙayyade farashi don kada jama'a su gane kuɗin ya yi yawa. Har wani shiri aka fito da shi a 1938, na mai son mota ya riƙa biyan mak 5 kowane mako har ya cika mak 990. Mutane fiye da 330,000 suka shiga, masana'antar ta koma ƙera motocin soja, masu tanadin ba su ga mota ba. Sai a 1961, bayan doguwar shari'a, kamfanin Volkswagen ya yarda ya yi musu rangwamen da bai wuce mak 600 ba a kan sabuwar mota, ko ya ba su abin da bai wuce mak 100 a hannu ba.

Bayan yaƙi ya ƙare a 1945, kuɗi ya zama ba shi da amfani, har taba sigari ta zama abin ciniki a kasuwar bayan fage. A ranar Lahadi 20 ga Yuni 1948 aka fito da sabon mak a yankunan da Amurka da Ingila da Faransa ke riƙe da su. Kowane mutum ya sami mak 40 a hannu, daga baya aka ƙara 20. Ajiyar banki kuwa, kowane tsohon mak 100 ya koma sabon mak 6 da rabi. Amma albashi da kuɗin haya da fansho, mak ɗaya ya zama mak ɗaya. Mai littafin banki ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100, mai katin fansho bai rasa haƙƙinsa ba. Masu gidaje da filaye da masana'antun da bama-bamai suka ƙyale sun fi kowa tsira, ko da yake dokar 1952 ta ɗora musu harajin rabin darajar dukiyar, a biya cikin shekara 30, don a taimaki waɗanda yaƙi ya talauta.

Adashi tsakanin iyaye da 'ya'ya

A farkon shekarun 1950 tattalin arzikin Jamus ta Yamma ya farfaɗo, albashi yana hauhawa, amma fansho bai wuce sulusin albashi ba, tsufa da talauci suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Wani masanin tattalin arziki mai suna Wilfrid Schreiber ya fitar da shawara a 1955. Ya ce tun da tarin kuɗi ya narke sau biyu, a daina dogara gare shi. Abincin da tsoho zai ci da rigar da zai sa, masu aiki a wannan lokacin ne za su samar da su, ko da wace irin takarda ya riƙe. Don haka a tsara abin a fili: masu aiki su zuba, a biya tsofaffi nan take, fansho kuma ya riƙa tashi tare da albashi. Tsarin ya yi kama da adashi, sai dai masu zubin yau ba za su kwasa ba sai 'ya'yansu sun girma sun soma nasu zubin.

Shugaban Gwamnati Konrad Adenauer ya karɓi shawarar, duk da ƙorafin ministocinsa na kuɗi da na tattalin arziki. Majalisa ta amince a watan Janairun 1957. Aka ɗaga zubi zuwa kashi 14 cikin 100 na albashi, fansho ya ƙaru da kimanin kashi 60 cikin 100 a tashi ɗaya. A karo na farko leburan Jamus ya iya ajiye aiki ba tare da ya koma hannun 'ya'yansa ba. A zaɓen watan Satumba na shekarar, ɓangaren Adenauer ya sami kashi 50.2 cikin 100 na ƙuri'u.

Akwai rabin shawarar da aka yar. Schreiber ya so a kafa asusu na biyu domin masu renon yara, tun da yaran su ne masu zubin gobe. Adenauer bai ɗauki wannan ba, ana ma danganta masa maganar cewa ai mutane ba za su taɓa daina haihuwa ba. Shekarar 1964 ita ce ƙololuwar haihuwa a Jamus, an haifi jarirai wajen miliyan 1.36 a gabas da yamma. Daga nan abin ya yi ƙasa da sauri, tun daga 1972 kuma masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa kowace shekara.

Nauyi ya soma komawa kan mai shi

Lissafin ba shi da wuyar ganewa. A 1960 mai ritaya yakan ci fansho kimanin shekara 10, a shekarun 2020 kuwa kimanin 20. A farkon shekarun 1960 masu zubi shida ne ke ɗauke da tsoho ɗaya, a shekarun 2020 kimanin biyu. A 1986 Ministan Ƙwadago Norbert Blüm ya sa aka manna takardu a tituna masu tabbatar wa jama'a cewa fansho ba ya cikin haɗari, wanda hakan kansa alama ce ta cewa shakka ta riga ta shiga. A ranar 9 ga Nuwamba 1989, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe Bangon Barlin, majalisa ta zartar da dokar rage saurin tashin fansho.

Haɗewar Jamus a 1990 ta nuna ƙarfin tsarin, domin an iya soma biyan tsofaffin gabas nan da nan ba tare da an jira an tara wani asusu ba. A nan ma an canja fansho mak ɗaya a kan mak ɗaya, ajiyar banki kuwa tsoho mai shekara 60 an canja masa haka ne har zuwa mak 6,000 kawai, abin da ya haura aka raba biyu. Amma nauyin ya ƙaru. A 2001 Ministan Ƙwadago Walter Riester ya kawo dokar da ta shaida wa Jamusawa a fili cewa fanshon hukuma zai riƙa raguwa, kowa ya cike giɓin da kansa. Wanda ya zuba kashi 4 cikin 100 na albashinsa a wani asusun kansa, gwamnati za ta ƙara masa tallafi, wanda ya kai yuro 175 a shekara daga 2018, da yuro 300 kan kowane ɗan da aka haifa daga 2008. Zuwa 2017 an buɗe irin waɗannan asusai fiye da miliyan 16. Amma ladan da kamfanonin inshora da dillalansu ke cira ya cinye wani kaso mai yawa, kuɗin ruwa kuma ya faɗi ƙasa warwas har zuwa 2022, mutane da dama suka daina zubi. Masu ƙaramin albashi, waɗanda suka fi bukata, su ne suka fi ƙarancin shiga.

A 2007 aka zartar da ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali daga 65 zuwa 67, ta yadda duk wanda aka haifa daga 1964 sai ya kai 67. A 2018 aka tsayar da zubi a kan kashi 18.6 cikin 100, haka kuma yake har 2025, baitulmali yana ƙara fiye da yuro biliyan 100 a shekara. Wanda ya yi shekara 45 yana karɓar matsakaicin albashi, fanshonsa ya kusa kashi 60 cikin 100 na wannan albashi a ƙarshen shekarun 1970, a farkon shekarun 2020 kuwa kimanin kashi 48.

Waɗanda suka kwashe nasu da wuri

Akwai rukuni biyu da tarihinsu ya fi kusa da shawarar da mutum kan yanke da kansa. Na farko mata ne. Har zuwa ƙarshen 1967 doka ta yarda wa mace in ta yi aure ta karɓe abin da ta zuba, da yawa kuma suka karɓa suka sayi kayan ɗaki, bisa zaton miji zai wadatar. Waɗanda aurensu ya mutu daga baya suka tarar shekarun aikinsu na ƙuruciya an share su daga littafi.

Na biyu su ne baƙin ma'aikata. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Turkiyya a 1961, da Maroko a 1963, da Tunisiya a 1965, da wasu ƙasashe. Kafin a rufe ƙofar a 1973, mutum wajen miliyan 14 sun zo, kimanin miliyan 11 sun koma. Kusan kowannensu ya zo ne da niyyar shekara biyu ko uku, ya tara abin gina gida ya juya. A 1983 gwamnati ta yi dokar ƙarfafa komawa gida: mak 10,500 ga wanda masana'antarsa ta rufe ko ta rage aiki, da damar karɓe zubin fansho nan take. Dubbai suka karɓa, yawancinsu Turkawa. Amma rabin da ma'aikaci ya zuba ne kawai aka ba shi, rabin mai aiki ya zauna a asusu, haƙƙin fansho kuma ya faɗi gaba ɗaya. Wanda ya sa kuɗin a kanti ko mota kuma cinikin ya karye, ya shiga tsufa hannu rabbana. Waɗanda suka bar zubinsu, in ya kai shekara 5, suna da haƙƙi, Jamus kuma tana aika fansho fiye da miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙasashen waje. Waɗanda suka zauna kuwa, da yawansu sun tsufa da ƙaramin fansho, bayan sun zuba ajiyarsu a gidajen da suka gina a garuruwan da 'ya'yansu ba su da niyyar komawa.

Wannan babi ya shafi duk wanda ya bar garinsu da cewa zai je ya dawo, ko a zangon Kumasi yake, ko Jidda, ko Landan. Narkewar kuɗi ma ba baƙon abu ba ne a Afirka. A watan Janairun 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi cikin dare ɗaya, a farkon 2023 kuma tsofaffin ma'aikata suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Akkara saboda shirin sauya takardun bashin gwamnatin Gana da suka zuba kuɗin sallamarsu a ciki.

Abin da shekaru suka tace

Babu ɗaya daga cikin ma'ajiyan nan da bai taɓa cin amanar masu shi ba. Littafin banki da takardun bashi sun narke a 1923 da 1948, domin alkawari ne na adadi, shi kuwa adadi gwamnati na iya zubar masa da daraja. Gida da fili sun tsallake canjin kuɗi, amma bom ya ci wasu, haraji ya raba wasu, ba a kuma yanka ɗaki a kai kasuwa ranar da ake bukatar magani. Fanshon hukuma ya tsira daga yaƙe-yaƙe biyu, amma ya dogara ga yawan masu aiki da kuma ra'ayin majalisa. Asusun kai ya dogara ga gaskiyar dillali da ladan da yake cira. Waɗanda suka fi fita da sauƙi su ne waɗanda Allah ya sa guzurinsu bai taru a wuri ɗaya ba, suka soma da wuri, suka adana takardunsu, suka kuma jure wa kwaɗayin karɓe kuɗin gobe don biyan bukatar yau.

Hukumar fanshon Jamus takan aika wa kowane mai zubi wasiƙa sau ɗaya a shekara, muddin ya kai shekara 27 kuma ya yi zubin shekara 5. Wasiƙar tana nuna masa abin da zai samu in ya naƙasa yanzu, da abin da ya tara zuwa ranar, da abin da ake sa ran zai karɓa in ya ci gaba a kan yadda yake har ritaya. A ƙasanta akwai gargaɗi cewa tsadar kaya za ta rage ƙarfin wannan kuɗi kafin lokacin, kuma yana bukatar ƙarin tanadi na kansa. Hukumar da ta gaji katin liƙe-liƙen 1891 ce da kanta take rubuta wannan gargaɗi, tana aika shi ga mutum tun yana da sauran shekara 40 a gabansa na yin wani abu a kai.